Minti Goma

A gidan wankin da ke gefen Wakefield,
inda muke ninke zannuwan asibiti,
aka kawo mana manhaja ranar Litinin.
Gareth ya ɗaga waya sama kamar mai tallan turare:
"Kowa ya zuba shawararsa.
Wadda ta samu ƙuri'a hamsin
za ta hau bene, gaban manya."

Kwana uku ina juya tawa a baki
kamar goron da ya ƙi taunuwa.
Bas ɗin ƙarshe na wuce ƙofarmu
sha ɗaya saura biyar,
mu kuwa sai sha ɗaya cif ake sallamarmu.
Nakan hango jar fitilarsa ta taga
ina riƙe da zanen da wani ya warke a kai,
ko bai warke ba,
sannan in taka mil uku cikin yayyafi.

Na rubuta: a fara da wuri da minti goma,
a tashi da wuri da minti goma.
Na duba Turancin sau huɗu.
Na yi bisimilla, na danna.

Washegari, ƙuri'a biyu.
Can sama da ni, sabon injin kofi
ya kwashi tamanin da ɗaya
tun kafin a yi azahar.
Ban ga laifinsu ba.
Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo,
su kuwa rufinsu ba ya zuba,
motarsu na jiransu a bakin ƙofa.

Allo bai san Halina ta manta kalmar sirrinta tun bara ba.
Wayar Kwabena ta tsufa, manhajar ta ƙi zama.
'Yan kwangila sha bakwai kuwa
ko sunansu babu a ciki:
tururi ɗaya ke dafa mana hannu,
amma yatsansu ba ya shiga lissafi.

"Lantana, wannan taki ce?" in ji Halina,
burodi a hannu, lokacin hutun takwas.
Ba ta jira amsa ba.
Ta bi teburi teburi,
ta tsare Kwabena har ya ari wayar ɗansa.
Sha tara. Talatin da ɗaya.
Na koma kamar mai jiran tukunya,
ina buɗe murfi kowane minti.
Wata daga bene, ba ta sa suna ba,
ta danna, ta bar layi ɗaya:
"Mahaifiyata ta yi irin wannan tafiya."
Na daɗe ina kallon layin
har injin guga ya yi mini tsawa.

Daren Juma'a za a rufe.
Arba'in da tara.
Na tsaya ƙarƙashin fitilar titi,
ruwa na ɗiga a kan gilashi,
na nemi inda zan zaɓi kaina.
Wurin ya yi toka-toka, ya ƙi dannuwa.
Mai shawara ba ta da ƙuri'a.
Sha biyu ta buga.
"Mun gode," in ji manhaja, "an adana."
Ban san a wace rumbu ba.

Ranar Litinin, ba wanda ya kira taro,
sai ga mu duka a bakin injina
uku saura minti goma.
Da dare, sha ɗaya saura goma,
Halina ta kashe nata.
Kwabena ya kashe nasa.
Sha bakwai ɗin nan suka cire safar hannu.

Gareth ya dubi agogo,
ya dubi zannuwa, sun cika keke har wuya,
ba guda ɗaya da ya rage.
Ya sosa ƙeya,
ya juya wajen sabon injin kofi
kamar yana da magana da shi.

Direban bas ya taka birki da mamaki.
Na zauna a baya, na ƙirga kawuna:
ashirin da uku.
Ba su kai hamsin ba.
Amma kowace ƙuri'a ta samu kujera,
takalmana kuma suka isa gida a bushe.