Daren Laraba a Rumfar Babayo

Ran nan Turai ba ta buga ƙwallo ba,
allon ƙofar Babayo fes, ba ko ɗigon alli.
Ya ce, "Kar Jekadafari ta kwana da wuri,
akwai fim, ɗari bibbiyu, ku shigo.
Ƙwallo ce dai, irin ta Amurka."
Muka cika benci, gwiwa na gugar gwiwa,
janareta na tari a bayan katanga.

Da dariya muka fara.
Ƙwallo kamar gwanda, tsini gaba tsini baya,
ƙatti sun cusa matashi a kafaɗa,
kowa da tukunya a ka, da ragar ƙarfe a baki.
Manu mai faci ya miƙe tsaye:
"Hannu! Alƙali, hannu!
Ya rungume ta kamar ɗan akuya yana gudu,
kai kuma kana kallo?"
Wani daga baya ya ce, "Zauna, ka tare mana,
can ƙasar mari ma ba laifi ba ne."

Sai fitilun filin suka soma mutuwa,
ɗaya, ɗaya, ɗaya.
Hular wanda aka binne bara
ta mirgino ita kaɗai har tsakiyar ciyawa.
Mai ita ya zo ya durƙusa a sahu,
ba fuska a ciki, sai numfashi,
yana kiran lambobi a hankali,
duk wanda aka kira lambar bayansa
ba ya ganin asuba.

Nan rumfa ta yi tsit har ana jin sauro.
Ishaya ɗan Kaltungo, mai cewa ya taɓa kwana a maƙabarta,
ya tuna bai kulle babur ba.
Tukur tela yana karanta duk abin da ya zo bakinsa,
yana leƙe ta tsakanin yatsu.
Adda Dudu ta manna ido a hujin kwano
har awararta ta koma gawayi.
Kawuwa, yaron da ke sanye da sha ɗaya,
da ya ji an kira tara, an kira goma,
ya tuɓe rigar ya zauna a kai.

A daidai nan mai ya ƙare.
Duhu, ɗif.
Mage ta diro kan kwano,
benci ya kife da mutum bakwai,
ƙofa mai cin mutum ɗaya ta ci biyar.
Da safe Babayo ya tara silifa goma sha uku,
ba guda biyu masu kama da juna.

Mutum ɗaya ne bai motsa ba.
Gidado, da sandarsa a gefe.
Shi da a zamaninsa in ya ja ƙwallo a filin Pantami
mai rake kan bar rake ya bi shi da ido.
Na raka shi gida, yana jan ƙafar hagu,
ina ta ba shi labarin gudun Ishaya,
bai yi dariya ba.

Sai da muka kai bakin kwalbati ya ce,
"Matacce bai ba ni tsoro ba.
Ka ga wurin da yaron nan ya faɗi,
gwiwa ta juya baya,
mai horarwa ya duba agogo,
ya ce a ɗaure, a yi allura, ya koma?
Ka ji tafin da aka yi da ya miƙe?
Wannan tafin na san shi.
Har yau in hadari ya haɗo yana tashi a ƙashina."

Ban ce komai ba.
Ranar ina kan katanga, ina ɗan shekara goma,
na yi tafi har tafin hannuna ya yi ja.

Ya shiga zaure, sanda na ƙwanƙwasa ƙasa.
Na tsaya ina ƙirga ta
har ta daina.