Haske Bai Iya Karatu Ba

Shekara talatin da ɗaya ina gugar gilashi
a wani kwari bayan tafkin Suwa,
inda dusar ƙanƙara ke toshe ƙofar masana'anta
sai tsoho Kuribayashi ya iso da shebur.
Mu arba'in da bakwai ne, har da mai shara.
Sunanmu a jikin kwali,
sai ka sa tabarau za ka gan shi.

Manyan Tokyo ke ƙera kyamara,
su ƙera mata ido, su yanka kuɗi.
Mu 'yan bin baya ne,
muna ƙera ido ga kan da ba mu muka haifa ba.
Nasu yen dubu ɗari biyu da tamanin.
Namu dubu ɗari da goma, har da 'yar jaka.

Wai arha ba ta ado.
Na ji zancen har ya yi mini kanta a kunne.
Ɗan ƙanwata Norihisa, da ke aiki can wajensu,
in ya zo hutun sabuwar shekara
sai ya ɗora namu a tafi, ya jinjina,
ya ce, "Inna, ya yi sakayau."
Ni kuwa in ƙara masa miya.

Ba zan ɓoye ba, a da yana da gaskiya.
Na farinmu, in ka ɗauki fitilar titi
sai ta fito da shuɗin gemu.
Injin cikinsa na kuka kamar sauro.
Kwali tara aka dawo mana da su a wata guda,
maigida ya jera su kan teburin cin abinci
don kowa ya ci yana kallo.

Muka koma ga ruwa da jan gari.
Guga, wanki, dubawa, guga.
Yatsana ya koyi tudun da ma'auni ke tsallakewa.

Bara kuma, cikin dare ɗaya,
suka sauya wa kyamarar harshe.
Gari ya waye tana kira, namu ba ya amsawa.
Chizuru, injiniyarmu, 'yar ashirin da shida,
ta kwana goma sha ɗaya a kan kujera,
taliya na hucewa a gefenta,
har ta ɗauko sabon harshen ta bayan katanga
kamar mai koyon waƙa daga gidan maƙwabta.

A Janairu aka baje hotuna a zauren gari.
Akwai wani zalɓe, ƙafa ɗaya kan ƙanƙara,
ɗigon ruwa a tsinin bakinsa,
cikin ɗigon, dutse guda a kife.
Norihisa ya daɗe a gabansa.
Ya ce, "Wannan namu ne. Ko a mafarki na san gefensa."

Mai hoton na tsaye a bayanmu,
Yanagisawa, da ya tuƙa bas har ya yi ritaya.
Ya buɗe jaka, ya zaro, ya miƙa.
"Fanshona bai kai naku ba, yaro," in ji shi.
Fentin ya koɗe, amma na gane lambar.
Na shekarar da gwiwata ta fara ciwo ne.

Ban ce uffan ba.
A hanya na saya mana gasasshen dankali,
muna ci, tururi na rufe masa tabarau.
Ya ce, "Amma in tsuntsun ya tashi, namu ya fi saurin kamawa."
Na ce haka ne. Don haka ɗin ne.

Sai dai haske bai iya karatu ba.
Ba ya tsayawa a baki ya duba tambari,
ba ya tambayar nawa aka biya.
In ya sami hanya sumul, ya wuce.

Litinin, guda sittin na jirana a cikin ruwa.