Ƙulli Na Shida

Ni baduku ne, ɗan baduku,
rumfata na bakin Kasuwar Dole.
Na san abin da naɗi ke yi wa fata:
a ninke ta nan, ta zama kube,
a ninke ta can, ta zama alabe.
Fatar dai ita ce. Naɗin ne ya ba ta aiki.

Shi ya sa da likita Balkisa ta jawo takarda
ta zana mani zare mai ƙulli ɗari da arba'in da shida,
ban yi mata gardama ba.
Ta ce wannan furotin ne, yana cikin jinin Mutari,
yakan dunƙule kamar hannun yaron da aka aika da kuɗin cefane,
ya ɗauko iska daga huhu, ya kai har ɗan yatsan ƙafa.
Ƙullin duka lafiya lau suke.
Sai na shida.

Na shida ba ya shiri da ruwa.
In iska ta yi ƙaranci sai ya laluɓi na kusa ya liƙe,
wancan ma ya liƙe wa wani,
su miƙe sanda-sanda,
ƙwayar jinin da ke zagaye kamar waina
ta lanƙwashe ta koma lauje.
Lauje kuwa ba ya bin ƙaramar jijiya salin-alin,
sarƙewa yake, kamar amalanke biyu a lungun Birni.

Ashe daren Talata ke nan,
yaro yana cizon bakin zanen uwarsa,
yana cewa, Baba, ƙashina ake dakawa.
Tunkiya biyu na sayar don neman wanda ya jefe shi.

Na tambaye ta wa ya ɓata ƙullin.
Ta dubi Habsu, ta dube ni.
Rabi naki, rabi naka, in ji ta, kuma babu mai laifi.
Habsu ta saki numfashin da ta riƙe shekara bakwai
tun ranar da dangina suka fara yi mata kallon gefe.

In ɗinki ya karkace mani, basilla nake sawa in warware.
Wannan ya fi ƙarfin basillata.

An ce ya riƙa shan ruwa, ya sha, ya ƙara,
kada sanyin asuba ya same shi.
Jiya na ajiye takalman Alhaji Manzo,
na ɗinka wa goran yaron gida da jar fata,
da maratayi daidai kafaɗarsa.
Sai da na ƙirga ɗinkin sau uku.
A na shida hannuna ya yi rawa.