Jamhuriyar Ɗaki Goma Sha Ɗaya

A Kakuri, bayan masaƙar da ta yi shiru,
akwai wata ƙasa da taswira ba ta san da ita ba.
Iyakarta ta gabas kwata ce, ta yamma katangar bulo.
Mutanenta arba'in da uku,
ban da jaririn Lantana da ƙidaya ba ta riske shi ba.

Ni ne magatakarda.
Kundin ƙasa yana ƙarƙashin katifata,
mai shuɗin bango, ɓera ya cinye shafin farko
inda muka rubuta tsarin mulki,
shi ya sa kowa ke karanto shi da ka, yadda ya fi masa daɗi.

Shugaban ƙasarmu Baba Mudi, tsohon ma'aikacin rini.
Ba ya ba da umarni.
Nasa dai kujerar roba mai hannu,
ya buɗe taro da addu'a, ya rufe shi da gyangyaɗi.
Mulki na hannun Madam Kazah, firayim minista,
ita ke riƙe da makullin rijiya da takardar kuɗin wuta.

Majalisa na zama ran Lahadi da la'asar sakaliya,
masu coci sun dawo, masu masallaci sun sallame,
a gindin mangwaron da bai taɓa 'ya'ya ba.
Taɓarya ce sandarmu.
In ba ta kwanta kan benci ba,
duk abin da aka faɗa hira ce.

Tutarmu ƙyallen atamfa ne,
ragowar bandir na ƙarshe kafin a garƙame masaƙa.
Koren ya koɗe, jan ya koma ruwan goro,
tana kaɗawa a igiyar shanya
tsakanin wandon makaranta da zanen gado.
Tambari kuwa yara suka zana da gawayi a bangon wanka:
kada riƙe da guga.
'Yan adawa sun rantse ƙadangare ne.

Ba mu rubuta take ba.
Amma a kawo wuta da tsakar dare ka ji,
ɗaki goma sha ɗaya, murya guda,
babu mai kuskuren baiti.

Watan jiya gwamnati ta girgiza.
Terhemba mai faci, madugun adawa, ya miƙe da rasit:
naira dubu huɗu ta yi ɓatan dabo.
Aka yi ta cacar baki har tuwon wata ya kama.
Kowane ɗaki ya jefa marfin kwalba a kwanon sha.
Shida da biyar.
Madam ta ɗora makulli kan taɓarya,
ba soja, ba jiniya, ba dokar hana fita,
ta koma bakin murhu ta ƙarasa yankan alayyahu.

Sai daga baya muka ji inda kuɗin suka kwana:
kuɗin mota da na allura, daren naƙudar Lantana,
sa'ad da sabon firayim minista ke sharar minshari.
Na rubuta.
Har yau ban san babin da zan sa shi ba.

Shekaranjiya takarda ta iso daga Malali,
daga babbar daular da muke kai wa haraji duk shekara:
haya ta ƙaru, wanda bai iya ba ga hanya.
Yau da hantsi na ga Terhemba a ƙofar Madam,
hula a hannu, makulli a tafi,
yana laluben kalmar da ake cewa haɗin gwiwa.

Ba ta amsa ba tukuna hadari ya taso daga wajen kogi.
Wata ta ƙwala kira, a kwashe shanya!
Madam ta ratsa ta gabansa da gudu, ba takalmi,
ta wuce zannuwanta biyu suna shan yayyafi,
ta fara sauke tuta,
ta ninke ta huɗu, ta miƙa wa Baba Mudi,
wanda ya farka ya ce amin.