Kaurin Gashi Ɗaya

A rumfar kakana Delmer, can kan tsaunukan Kentucky,
inda hazo ke kwana a kwari har rana ta take,
akwai mazubin harsashi, ƙarfe mai muƙamuƙi biyu,
ya girmi duk mai numfashi a gidanmu.

Bindigar ta kakansa ce, irin ta ɗuri ta baki.
Shekara ɗari da ɗoriya tana haɗiyar albarushi
har cikinta ya saki kamar tsohon takalmi.
Ƙwallon dalmar da mazubin ke haifa
yanzu sululu yake faɗawa,
yana kaɗawa kamar tsakuwa a gwangwani.
"Ba laifinta ba ne," in ji shi. "Ni ma wandona ya yi mini yawa."

Sai a buɗa ramin mazubin kaɗan.
Nawa? na ce.
Ya tsinke gashi ɗaya daga girarsa, ya ɗora a tafina.

Ranar ruwa ake, kwanon rufi na ta surutu.
Ya narka dalma a tsohuwar tukunyar Ozella,
wadda ba a sake dafa wake a ciki ba tun rasuwarta,
ya buɗe ƙofa da taga, ya ce in tsaya bayan iska.
Ƙwallon da ya huce ya shafe shi da gari mai kaushi,
ya mayar da shi gidansa, ya rufe,
ya kama zai juya,
hannun ya ƙi.
Rawa yake kamar ganye. Ya dube shi kamar hannun baƙo.

"Orlena, zo."

Na juya. Ƙarfe na cin ƙarfe a hankali,
ƙara ƙasa-ƙasa, kamar ɓera a bayan bango.
Ya ce tsaya. Muka wanke, muka zuba, muka auna.
Da saura.
Na juya. Ya ce tsaya.
Ni kuwa shekarata sha uku, gaggawa ta cika ni,
na ce me zai hana mu gama a zama ɗaya?

Ya nuna ƙusa a bango, wani mazubi rataye, duk tsatsa.
"Na Hobart ne, ƙanena. Shi ma zama ɗaya ya so.
Ƙwallonsa ya fito kamar ƙwan tsuntsu,
babu bakin bindigar da ya karɓe shi.
Abin da ka cire wa ƙarfe, yarinya, ya tafi ke nan."
Bai ƙara maganar Hobart ba. Ban tambaya ba.

Kwana uku muka yi.
Yatsuna sun yi baƙi, wuyan hannuna ya yi tsami.
A na huɗun ƙwallo ya faɗo kan tsumma,
da zafinsa, yana sheƙi kamar sabon sule.
Ya naɗe shi a ƙyalle, ya tura da sanda,
ya shiga da ɗan gardama, irin wadda ake so.

Murfin bokiti muka kafa jikin kututture.
Ya ɗaga, ya daɗe, ya sauke.
"Ba na ganinsa," ya ce, ya miƙo mini.

Hayaƙi ya tokare ni, kafaɗata ta amsa.
Na samu gefen murfin, can ƙasa ta hagu.
Ya taka har wurin da sandarsa,
ya sa ɗan yatsa a hujin, ya daɗe bai cire ba.