Yadi Nawa Ne?

A shagona na Ƙofar Doka,
bayan isha'i, an ɗauke wuta,
Barau ya miƙo mini wayarsa:
"Tela, duba nan."
Na duba. Rairayi har iyakar gani,
a samansa wasu manyan tuluna a kife,
ja, da shuɗi, da ruwan ɗorawa,
kowanne da kwando a rataye,
cikin kwandon kuma mutane.
Mutane, wallahi, har da mai ɗaga hannu.

Wai biki ne, wai can gaba da Agadas,
ana hura wa balan-balan wuta
har ta ɗauki ƙato ta yi sama da shi.
Barau ya ce, wane irin gas ne?
Jibo ya ce, to a ina suke sauka?
Ni abin da ya kuɓuce mini a baki:
yadi nawa ne wannan?
Wa ya yanka, wa ya haɗa bakin?

Tun daga daren hirarmu ta sauya.

Taswirarmu takardar buhun siminti ce,
da allin yanka na zana ta:
Zariya, Kano, Daura,
nan iyaka, nan Damagaram,
Tanut, sai layi ɗaya miƙe kamar zare,
ba ƙulli ko ɗaya har Agadas.
Jibo ya lashi yatsa ya goge wani wuri.
"Nan ba a bi da tsakar rana.
Nan mota ɗaya ba ta wucewa, sai ayari.
Nan kuma kawuna ke sayar da fetur a kwalba,
in yana raye."

Motar, Fijon Barau ce,
ta girmi ɗansa na fari da shekara tara,
da asuba sai ta yi tari kafin ta gaishe ka.
Ya ce taya biyu take so, da lagireto, da addu'a.
Jarka shida: huɗu ruwa, biyu mai.
Jibo ya ce a juya lissafin.
Muna ta musu har aka maido wuta
ba wanda ya lura.

Kande ƙanwata ta ji labari.
Ta ce, ku da ko tsani ba ku hawa
sai wani ya riƙe muku ƙafarsa?
Washegari ga ta da daƙuwa cikin bokiti,
da kilishi a naɗe, da garin kunu,
ta ce kujerar gaba tata ce.

Kuɗin muna tarawa a gwangwanin madara.
Naira takan shiga da ƙibarta,
in mun lissafa ta da saifa, sai ta rame.
Sau biyu muka fasa gwangwanin:
ɗaya ranar da aka kwantar da uwar Jibo a Shika,
ɗaya kuɗin jarrabawar 'yata.
Ba wanda ya ce uffan.
Barau ya samo wani gwangwanin.

Shekaranjiya barci ya ƙi.
Na kwaso ƙyallayen ƙarƙashin keke,
ragowar shafi marar nauyi,
na yanka goma sha biyu kamar ɓawon lemo,
na ɗinke, na sa wa bakin zoben waya.
Da asuba muka hau Kufena mu huɗu,
garin na kwance ƙasa, hayaƙin koko na tashi.
Auduga da kananzir, ashana ɗaya.

Ya kumbura.
Ya yi layi kamar jinjiri mai koyon tsayuwa,
ya bar dutsen,
sannan ya karkata, wuta ta lashe gefensa.
Kande na dariya har da hawaye.
Barau na ihu, ya tashi, kun gani, ya tashi!

Tef ɗina na wuya kamar kullum.
Na auna daga dutse zuwa inda Jibo ya tsai da tafinsa,
na rubuta a gefen taswira:
inci goma sha ɗaya.
Saura taya biyu, da lagireto.