Tsakuwar Baba Nomau

Ajin ƙarshe, ranar Laraba,
alli ya ƙare, saura guntu kamar haƙorin akuya.
Na ɗiga ɗigo a tsakiyar allo,
na ce: ga furoton, cibiyar ƙwayar zarra.
Barira ta ɗaga hannu daga bencin baya:
"Mushe, wa ya taɓa ganinsa?"
Na ce babu.
"To wa ya auna shi? Da wace igiya?"
Ƙararrawa ce ta cece ni.

Na biyo ta gefen tabkin Babaye,
tambayar na bin sawuna kamar ɗan akuyar da ya ɓata.
A zaure na iske Baba yana tufka kaba a cinya.
Shekara arba'in yana huda duwatsun Adar,
yau idanu sun yi murabus,
kunnuwa suka gaji kujerar.

Na ce: Baba, akwai wani abu.
Tsaga gashin girarka sau dubu,
tsaga tsagin sau dubu, ka sake dubu,
ba ka ko iso ƙofar gidansa ba.
Amma an ce an san faɗinsa.

Ko gezau.
Ya ce: "Ka taɓa ganin na leƙa rijiya?
Mai leƙe duhu yake gani, da inuwar kansa.
Ni tsakuwa nake saki, in kame baki.
Ruwa in ya amsa, ba ya ƙarya."

Na ce: ai su ma haka.
Iska suke tarewa, wadda ta fi kowace sauƙi,
su harba mata haske siriri kamar zaren gizo.
Akwai wani ɗan yawo mai kewaya cibiyar,
hasken ya sa shi tsalle daga wannan mataki zuwa wancan,
su kuwa su zauna sauraron launi.
Muryar takan kauce kaɗan,
kaɗan ƙwarai, kamar gurmin da ya kwana a raɓa,
domin ɗan yawon yakan ratsa ta tsakiya
ya ji ashe ɗigon nan yana da jiki.
Kaucewar suke ƙirgawa.

Sai wata shekara suka sauya tsakuwa,
suka saki mai nauyi ninki ɗari biyu,
wadda ke matsawa kusa da gindi.
Amsa ta dawo a gajarce:
huɗu cikin ɗari sun yi ɓatan dabo.
Masana suka shekara da shekaru ana ja-in-ja.

Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
"Rijiyar Kalfu ke nan!
Na zura igiya, na ce gaba ashirin da biyar.
Arzika ya zura, ya ce da huɗu.
Saura ƙiris mu raba tukunya.
Wata tsohuwa mai jiran ruwa ta ce
ku juya baya da baya, ku buɗe hannu.
Ashe gabar Arzika ta ɗara tawa da ƴan yatsu.
Duk hayaniyar nan
rijiya ba ta ce uffan ba.
Tana nan yadda take."

Ya laluba ƙasa, ya danƙa mini tsakuwa.
"Kafin ka tuhumi rami, auna hannunka."
Kuran ya ɗauke.
Shi bai sani ba, ya ci gaba da tufka.

Alhamis na bar allo da ɗigonsa.
Na kai su tsohuwar rijiyar bayan lakwal,
su talatin da bakwai, rana ta fara cizo.
Na ce kowa ya rufe ido.
Na saki.

Shiru.
Dogon shiru, irin wanda ake jin bugun jini a kunne.
Can ƙasa, ƙasa sosai: cuɓul.

Kowa ya faɗi nasa lissafi,
babu biyun da suka zo ɗaya.
Barira ba ta buɗe ido ba.
"Mushe," ta ce, "sake jefawa.
Wani ya yi tari."